Mangwaro a Kwari, Gawo a Jigawa

 Ɗana, labari ya iso mini cewa kana shirin sare gawon da ke gonar jigawa ka dasa mangwaro a gurbinsa, domin ka ga yadda masu lambun Korama ke loda kwanduna a mota idan bazara ta yi. Ban ga laifinka ba, neman halal kake yi, kuma mai ƙuruciya ba ya son abin da zai daɗe yana jira. Sai dai ka ajiye gatarin tukuna ka saurare ni, saboda itatuwan nan biyu kowanne da halinsa, kuma abin da kowanne ke nema a wurin mai shi daban ne.

Mangwaro baƙo ne a ƙasarmu, asalinsa daga wajen Indiya yake, kuma har yau bai bar halin baƙunta ba, sai an tarairaye shi. Idan ƙwallo ka binne, za ka jira shekara 5 zuwa 8 kafin ka ɗanɗana, kuma ba ka da tabbacin ɗan zai yi zaƙin uwarsa, wataƙila mai zare ne zai fito. Saboda haka masu lambu suke sayen mai aure, wanda aka ɗaura wa reshen iri mai kyau kamar Kent ko Binta Siga, shi kuwa cikin shekara 3 ko 4 yake fara ba da ƴaƴa. Ka gina rami mai zurfin kamu biyu, ka cakuɗa ƙasar da taki wanda ya riga ya ruɓe, ka bar taku goma tsakanin wannan da wancan, ka dasa bayan damina ta zauna, cikin Yuli ko farkon Agusta. Wannan duka aikin yini kaɗan ne. Wahalar tana zuwa ne bayan kaka, lokacin da hunturu ya bushe ƙasa, domin rani biyu ko uku na farko sai ka riƙa ba shi ruwa ba fashi, ka kewaye shi da shingen ƙaya saboda awaki, ka zuba toka ko garin ƴaƴan bedi a gindinsa saboda gara. Ka kuma riƙa duba ƙasan ɗaurin auren, duk tohon da ya fito daga nan ka ƙwalle shi da farce tun yana ɗanye, in ba haka ba gindin zai ƙwace abincin, reshen da ka saya da kuɗinka ya bushe, ka wayi gari kana renon mangwaro mai zare ba ka sani ba.

Ko ya girma bai sallame ka ba. Iskar hunturu tana kakkaɓe fure, ƙudan da ke zuba ƙwai cikin ƴaƴan yana sa su ruɓe daga ciki, saboda haka wanda ya faɗo ya lalace sai a tsince a binne shi da zurfi. Ga shi kuma duka lambuna tare suke nuna, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Duk da haka itace ne mai albarka, yana kawo kuɗi a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ana neman na iri da na abincin masu noma. Amma wurinsa kwari ne, inda rijiya ba ta da nisa, kusa da rake da albasa. A jigawa, ko ya rayu, inuwarsa mai duhu ce, hatsi ba ya yi a ƙarƙashinta.

Gawo kuwa, ɗana, Allah ya halicce shi da wata dabara da ba a ganinta a sauran itatuwanmu. Idan ruwan farko ya sauka, kowane itace na toho, shi sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, rana ta ratsa rassansa ta sami hatsi, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki a daidai lokacin shuka. Idan rani ya shigo, daji ya yi fari, a lokacin ne yake yin kore shar, shanu su kwanta a inuwarsa su bar kashinsu a wurin. Saiwarsa ta tsakiya tana nutsawa har ta kai ruwan ƙasa, saboda haka ba ya rabon ruwan sama da shukarka, kuma dangin wake ne, saiwoyinsa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ka tafi gonar a watan Satumba ka tsaya a gindinsa, ka dubi kaurin kara da tsawon zangarniya, sannan ka yi taku ashirin ka sake dubawa, idonka zai gaya maka abin da nake nufi. Ƴaƴansa kuma, jajayen nan masu murɗewa, su ke riƙe tumaki da awaki a ƙarshen rani, har mata da yara na tsinta suna kaiwa kasuwa.

Shi ba ya son dashe, domin in aka katse doguwar saiwar nan da wuya ya kama. Yawanci dabba ce ke shuka mana shi, ta ci ɗan, ƙwallon ya yi laushi a cikinta, ya fito cikin kashi ya tsiro. Aikinka shi ne ka gane shi lokacin sassabe, ka kauce masa da hauya da wuta, ka zaɓi toho ɗaya ko biyu mafi miƙewa ka bari, ka sassake ƙananan rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ba ya neman guga ko ɗaya. Abin da yake nema shi ne ka riƙe hannunka shekara da shekaru, ko da itacen girki ya yi wuya, ko da mai sayen itace ya zo da kuɗi, kuma wannan haƙurin ya fi ɗaukar ruwa nauyi ga mutane da yawa.

Magabata sun san darajarsa. Dattawa na ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Daga baya, da aka mayar da itatuwa mallakar gwamnati, manomi ya riƙa ganin ɗan gawo a gonarsa tamkar hanyar jawo tarar ma'aikatan gandun daji, sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Mu da muka ga farin 1973 da yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, mun ga abin da ya biyo baya, iska tana binne shuka da rairayi har sai an sake shuka sau biyu ko uku. Bayan nan ne mutane suka koma renon tohon gonakinsu, abin da ake ce wa sassaben zamani, kuma a 2006 binciken Mahamane Larwanou da abokan aikinsa ya nuna itatuwa sun dawo a kan kimanin hekta miliyan 1 a Magarya da Matamai da Mirya, mafi yawansu gawo. Wanda kake son sarewa yana cikinsu, mahaifinka ne ya kauce masa da hauya, Allah ya jiƙansa.

Saboda haka ka tambayi kanka tsakani da Allah, ina kake kwana da rani? Idan kai mai tafiya cin rani ne Kano ko Agadas da zarar an gama girbi, kuma ba ka da ƙane ko mai ɗaki da za su ɗauki nauyin ban ruwa da yardarsu, to ka jinkirta mangwaro har ka zauna, kada ka binne kuɗinka a rami. Idan kuwa kana nan, ka fara da gindi biyar a kwari, ka ga ƙarfinka, sannan ka ƙara.

Sai abu guda da matasa ke mantawa. A al'adarmu wanda ya dasa itace kamar ya kafa shaidar mallaka ne, shi ya sa mai fili ba ya son a dasa masa a gonar aro ko ta jingina, kuma zumunci da yawa ya lalace a kan haka. Ɗan kwarin da kake nomawa na baffanka ne. Ka je ka gaishe shi, ka gaya masa nufinka, in ya yarda ku tafi gaban mai gari da shaidu biyu a rubuta wane ne mai itacen da wane ne mai ƙasar, kafin ka gina ramin farko.