Bakin Zare

Wata rana zaren wani masaƙi ya sarƙe. In ya fizga zai tsinke, aikin yini ya ɓaci. Sai ya zauna ya bi shi sannu a hankali, har ya warware. Abin nan da ya yi shi ake kira "untangle" da Turanci.

"Tangle" shi ne sarƙewa, "un" kuwa yakan juya ma'anar kalma. Kada ku rikita ta da "untie", watau kwancewa, kamar a kwance akuya daga turke. Ɗauri da gangan ake yinsa, sarƙewa kuwa ba mai sonta.

In magana ta rikice, alƙali ya bi ta har ya gano bakin zaren, nan ma "untangle" za ku ce.