Tsara rubutu don mai karatu a waya

Matasanmu na Ikara, Makarfi da Kudan sun duƙufa wajen rubuta labarin gona da kasuwa suna tura wa mutanen gari, kuma abin a yaba ne. Sai dai da yawa sukan jibge magana wuri guda, layi bisa layi babu wurin shan iska, mai karatu ya gaji tun bai kai rabi ba.

Ɗan'uwa, ka tuna wanda kake rubuta wa. Manomin tumatir ne a Hunƙuyi, yana tsaye bakin fadama, rana ta dushe masa fuskar waya, caji ya kusa ƙarewa. Kuɗin kwando na yau yake nema. To, sa masa shi a layin farko, tare da sunan kasuwa da kwanan wata. Sallama ta wadatar a matsayin gaisuwa, bayani ya biyo baya.

Kada sakin layi ya wuce jimla uku. Ka bar fili a tsakani, kamar kwari tsakanin kunya da kunya. Idan kana kawo farashin raken Makarfi, dankali da albasa, kowanne ya samu layinsa, kuɗin kuma da lambobi. Ni dai ban yarda da rubuta komai da manyan baƙaƙe ba, ido yake gajiyarwa. A bar su ga kan magana kaɗai.

Kafin ka tura, karanta da ƙarfi, domin dattawa da yawa karanta musu ake yi. Duk inda numfashinka ya yanke, sa aya a wurin.