Ci Gaba da Juyi: Darasin Fassara Daga Wasan The Sims

Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa gidajen gem a Maiduguri ya san cewa wasan ƙwallo ne ke ci. A biya kuɗi, a buga, wanda aka cinye ya miƙa hannu ga na gaba. Akwai kuma wani nau'in wasa da ba a cika ganinsa a can ba, wato wasan kwaikwayon rayuwa, wanda a cikinsa mutum ke gina gida, ya nema wa mutanensa aiki, ya aurar da su. Wannan muƙala za ta dubi fitaccen cikinsu, The Sims, domin bambance abubuwa biyu da ake yawan haɗawa: ci gaba da kuma juyi.

Ma'anar Kalmomin

Ci gaba shi ne sabon kashi da ke biyo bayan na farko, kamar yadda littafi na 2 na Magana Jari Ce ya biyo bayan na 1. Juyi kuwa shi ne a ɗauki aiki a zuba shi a wani mazubi. Misali, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ƙagaggen labari ne, daga baya aka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. A fagen gem, juyi shi ne ɗauko wasa daga kwamfuta zuwa na'urar da ake jonawa da talabijin, irin su PlayStation da Xbox.

Yadda Ci Gaba Ya Kasance

Kamfanin Maxis na Amurka ne ya fitar da The Sims a shekarar 2000, a ƙarƙashin jagorancin Will Wright. Aikin mai wasa shi ne kula da buƙatu 8 na kowane mutum, kamar yunwa da barci da tsafta da hira. Sai dai yaro ba ya girma, babba ba ya tsufa.

The Sims 2 na 2004 ya gyara wannan. Jariri na girma har ya kai tsufa ya mutu, 'ya'ya kuma suna gadon kamannin iyaye. The Sims 3 na 2009 ya buɗe gari gaba ɗaya, mutum ya fita daga gida ya tafi wurin shaƙatawa ba tare da jiran allo ya loda ba. Amma ba kullum ci gaba ke nufin ƙari ba. The Sims 4 na 2014 ya rufe wancan buɗaɗɗen gari, ya kuma fito babu yara masu tatata. Sai a 2017 aka dawo da su, bayan masu wasa sun daɗe suna ƙorafi.

Yadda Juyi Ya Kasance

Juyi na farko ya zo a 2003 a kan PlayStation 2 da Xbox da GameCube. Nan aka tarar da matsaloli biyu. Na farko, an tsara wasan ne don linzamin kwamfuta, ga shi kuwa hannun gem bai dace da nuna ƙananan abubuwa ba. Na biyu, ƙwaƙwalwar PlayStation 2 megabayit 32 ce kawai. Saboda haka aka hana gina bene, aka kuma ƙayyade yawan kayan da gida zai ɗauka. A madadin haka an ƙara labari mai matakai, inda mai wasa ke farawa daga gidan mahaifiyarsa, tare da damar mutum biyu su buga a lokaci guda.

Babban abin lura ya faru ne a 2005, lokacin da aka juya The Sims 2. An ba mai wasa ikon tafiyar da mutuminsa kai tsaye, amma an cire haihuwa da tsufa. Ke nan abin da ya sa kashi na biyu ya zama kashi na biyu, shi ne aka bari a baya. Suna ɗaya, ciki daban. A juyin The Sims 3 na 2010 ma an yanyanka buɗaɗɗen garin nan zuwa unguwanni, jiran lodi ya dawo. Sai a 2017, da The Sims 4 ya hau PlayStation 4 da Xbox One, aka sami juyin da ya yi kusa da asalinsa, domin a lokacin na'urorin sun yi ƙarfi.

Darasi Ga Ɗalibin Harshe

Tambayar da ake yi wa ci gaba ita ce: me ya ƙara? Wadda ake yi wa juyi kuwa ita ce: me ya riƙe? Wannan ta biyun ita ce ke gaban duk mai fassara. Idan aka ba mu waƙar Hausa mu juya zuwa Kanuri ko Ingilishi, dole wani abu ya zube, ko kari, ko amsa-amo, ko wasa da kalmomi. Zubewar ba laifi ba ce, tunda kowane harshe da irin ƙirarsa. Laifin shi ne mai fassara ya kasa gane ƙashin bayan aikin, ya jefar da shi, ya riƙe ado. Rashin bene a juyin 2003 asara ce da za a iya jurewa. Rashin haihuwa da tsufa a na 2005 kuwa ya taɓa zuciyar wasan.

Kammalawa

Mun ga cewa ci gaba yana sauya abin da ke cikin aiki, juyi kuma yana sauya mazubinsa. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, kafin mu ɗora alƙalami a kan kowace fassara, mu fara rubuta a jimla ɗaya abin da in aka cire shi aikin ya tashi daga sunansa. Kalmomin "ci gaba" da "juyi" kuwa shawara ce kawai na kawo. Wanda yake da waɗanda suka fi su, filin wannan mujalla a buɗe yake.