Zakka Sau Ɗaya a Shekara, Allura Duk Mako Uku

Mun keɓe darasin rahoton bana ga wata mas'ala da ke ta dawowa gabanmu daga kwamitocin masallatai na Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, wato yadda za a tallafi gidan da cutar daji ta shiga. Mun lura cewa masu bayarwa ba su yi rowa ba. Lokacin da muke bayarwa ne da yadda muke bayarwa ba su dace da wannan cuta ba.

Mun saba rabon zakka sau ɗaya ko biyu a shekara: bayan kaka idan an fitar da ta gero da dawa, sai kuma a watan azumi lokacin da 'yan kasuwa da yawa suke lissafin dukiyarsu. Wannan ya dace da mai yunwa, domin buhun hatsi yakan kai shi wani lokaci. Ita kuwa cutar daji kalandarta daban take. Matar da aka samu da dajin mama, alal misali, galibi akan yi mata ƙarin ruwan maganin da ake kira kemo sau ɗaya duk mako uku, har sau shida ko takwas, kuma kafin kowane zagaye sai an gwada jininta. Ga tiyata, a gaba ko a baya. Idan likita ya ce sai an yi gashi da na'ura, to wannan kwana biyar ne a kowane mako, har tsawon makonni. Maganin nan ba ya karɓar uzuri. Wanda ya yi zagaye biyu ya tsaya domin kuɗi sun ƙare, ya sha wahalar magani, ya kashe dukiya, cutar kuma ta samu sararin komawa bakin aikinta.

Ba ƙaramin al'amari ba ne. Ƙiyasin hukumar binciken cutar daji ta duniya na shekarar 2022 ya nuna sababbin masu cutar a Najeriya sun haura dubu 127 a shekara ɗaya, waɗanda suka rasu kuma sun kusa dubu 80. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin neman lafiya daga aljihun marar lafiya da danginsa suke fitowa. A ƙauye kuwa aljihu yana nufin rumbu da turke da gona.

Kowane ɗan kwamiti ya san yadda abin yake tafiya. Akan fara da mai magani, saboda maganar nan da ta zauna a zukata cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Tunkiya ta tafi, akuya ta bi ta, watanni suna wucewa. Sa'ad da aka je babban asibitin Kazaure, sai a tura mutum Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, domin a yanki ɗan nama a gwada a san ko mene ne. Daga nan a sayar da shanun huɗa, a jinginar da gona, daga baya a sayar da ita ɗungurungum. Idan an kai ga gashi, na'urar ba a kowane asibiti take ba. Shekara da shekaru mutanenmu Shika ta Zariya suke dosa, ko Sakkwato, ko Abuja, ko Gombe, kuma na'ura takan lalace a koma gida a jira. A shekarar 2025 an buɗe sabuwar cibiyar cutar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wadda ta fi kusa da mu, amma kusanci bai ɗauke kuɗin mota da na abinci da na makwancin mai jinya ba. Sai an zo ƙarshen wannan zango, ba tunkiya ba gona, sannan a rubuto wa kwamitin masallaci takarda, ko a miƙe bayan sallar Juma'a a nemi taimako. Abin da aka tara a ranar yakan sayi magani na mako biyu, wani lokaci kuma likkafani.

Tambayar farko da malamanmu suka duba ita ce: shin sai mutum ya sayar da gonarsa kafin ya cancanci zakka? Aya ta 60 a cikin Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu karɓa, kuma babu marar lafiya da sunansa a ciki. Amma akwai faƙiri da miskini, akwai wanda bashi ya yi wa katutu, akwai matafiyin da guzurinsa ya yanke. A mazhabar Malikiyya faƙiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai ishe shi shekara ba, kuma mallakar gidan zama ba ta fitar da mutum daga wannan suna matuƙar babu rarar da za ta wadace shi. Manomin da gonarsa ita ce abincin iyalinsa, aka ɗora masa jinyar da ta fi ƙarfin abin da yake nomawa, ya shiga cikin mabuƙata tun ranar da likita ya rubuta masa magani. Jiran sai ya sayar da gonar, ƙera sababbin miskinai ne da hannunmu, domin marayun da zai bari mu ne za mu riƙa ba su hatsi kowace kaka. Mai rarar dukiya, kamar fili na biyu a gari ko garken da ya wuce buƙata, wannan hukuncinsa daban, shi zai fara.

Tambaya ta biyu ta fi zafi, kuma ba za mu ɓoye cewa an yi saɓani a kanta a zamanmu ba. Kuɗin jinyar mutum ɗaya yana iya kai rabon zawarawa masu yawa. Shin adalci ne a zuba wa mutum guda abin da zai ciyar da unguwa? Ta fuskar hukunci babu hani. Malikiyya ba su wajabta a raba zakka daidai wa daida tsakanin kashi takwas ba, sun bar wa mai rabo ya duba inda buƙata ta fi tsanani, kuma sun halatta a ba mutum ɗaya abin da zai ishe shi shekara ko da ya haura nisabi. Ta fuskar aiki kuwa, ra'ayin da muka tsaya a kai shi ne a ware kason jinya tun ranar tara zakka, kafin a san wane ne zai kamu, don kada ranar da takarda ta zo a ce sai an ƙwace daga bakin bazawara. Sa'an nan duk wanda muka ɗauka, mu ɗauke shi har ƙarshen maganinsa. Gara mu raka mutum uku su kammala da mu raba kuɗin ga mutum ashirin kowa ya tsaya a zagaye na biyu. Wannan magana tana da nauyi a baki, domin tana nufin akwai waɗanda za a ce musu babu. Amma rabon da ake yi don kowa ya ga an ba shi, kwamiti yake wankewa daga zargi, marar lafiya kuwa yana nan inda yake.

Wanda ba a iya ɗaukar dukan jinyarsa ba, ba a sallame shi hannu rabbana ba. Kuɗi mafi albarka a wannan cuta su ne ƙanana na farko: kuɗin mota zuwa Kano, kuɗin gwajin nama, kuɗin hoto. Su ne suke bambanta wanda aka gano cutarsa tana ƙarama, ana iya cire ta, da wanda aka gano bayan ta bazu. Haka kuma wanda likitoci suka ce cutarsa ta wuce warkewa yana da haƙƙi a kanmu na maganin rage zafi da kayan wanke miki da abincin gidansa. Nasiha ce a gaya wa irin wannan gida, cikin tausasawa, kada su sayar da ragowar gonarsu don bin wani mai alkawarin warkarwa.

Akwai ƙananan mas'aloli da masu fitar da zakka suke yawan tambaya. Mutum ba ya ba da zakkarsa ga wanda ciyarwarsa ta wajaba a kansa, kamar matarsa da iyayensa matalauta da ƙananan 'ya'yansa, amma yana iya ba ɗan'uwansa ko 'yar'uwarsa ko kawunsa da ke jinya. Mai kantin magani ko ɗan kasuwar da yake bin majinyaci bashi ba zai yafe bashin ya lissafa shi a matsayin zakka ba, wannan bai isar ba a mazhabarmu. Game da kai zakka wani gari, asali shi ne a raba ta inda ta wajaba ko kusa da nan, amma mutumin Gwiwa da yake kwance a Shika bai zama baƙo gare mu ba, kuma malamai sun yarda a kai ta nesa ga wanda ya fi buƙata. Idan za a biya asibiti kai tsaye, to a nemi izininsa ya wakilta kwamiti, domin zakka haƙƙinsa ce da ake mallaka masa. Zakkar hatsi ma tana da gurbi a nan. Wanda ya noma abin da ya kai nisabi, wajen kilo 650, yana fitar da ɗaya bisa goma idan na damina ne, rabin haka idan da inji ya yi ban-ruwa. Gidan da maigida ya yi damina a asibiti bai yi noma ba, su ne farkon waɗanda ya kamata a auna wa.

Sai dai akwai abin da zakka ba ta yi. Ba a gina ɗaki da ita, ba a sayen mota da ita. Wannan aikin waƙafi ne, wanda littattafanmu suke kira hubusi. Asibitin da Nuruddin ya gina a Dimashƙa a 1154, da wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, da kuɗin waƙafi aka riƙe su, ana duba marasa lafiya kyauta. A zamaninmu akwai asibitin cutar daji na Shaukat Khanum da aka buɗe a Lahore ta Pakistan a 1994, wanda zakka da sadaka suke ɗaukar nauyin akasarin majinyatansa. Ba mu ce za mu gina irin wannan a Roni ba. Abin da ya dace da ƙarfinmu shi ne masauki kusa da asibitin da mutanenmu suke zuwa gashi, inda majinyaci da mai jinyarsa za su kwana maimakon barandar asibiti, da gona ko shago da za a tsayar, amfaninsu ya riƙa shigowa kowane wata, domin kuɗin da ke shigowa wata-wata su ne suke tafiya daidai da kalandar magani. Mazhabarmu ta yi sauƙi ƙwarai a wannan babi. Ta halatta waƙafi na ƙayyadadden lokaci, don haka mai gida a Kano ko Katsina ko Zariya yana iya ba da ɗaki biyu na shekara biyar, gidansa kuma ya dawo masa. Ta halatta a tsayar da tsabar kuɗi domin a riƙa rantawa ba da ruwa ba, wanda zai ceci mai rufin asiri daga jinginar da gona, ya biya bayan kaka. Waƙafi da sadaka kuma suna isa ga maƙwabcin da ba Musulmi ba, inda zakka ba ta isa.

Kafin a taɓa kuɗin zakka, ya kamata kwamiti ya ƙwanƙwasa ƙofofin hukuma, domin su ma haƙƙin talaka ne. Gwamnatin Tarayya tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, kuma asibitin Shika yana cikin asibitoci shida da aka fara da su. Ta sashen jin daɗin jama'a na asibiti ake nema, kuma cike takardunsa ya fi ƙarfin tsohuwar da ba ta yi boko ba, saboda haka a haɗa ta da wani ɗan kwamiti mai ilimi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na masu rauni, jiharmu kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, JICHMA. Ko inshora ba ta ɗauki dukan maganin daji ba, tana rage kuɗin ganin likita da wasu gwaje-gwaje. Sannan tun watan Oktoba na 2023 ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar da ke haddasa dajin bakin mahaifa, kyauta. Limamin da ya bincika ya gamsu, ya yi bayaninsa a mumbari, ya rage wa asusun nan nauyin da ba zai taɓa gani da idonsa ba.

Muna roƙon kwamitoci abu biyu game da sutura. Mace takan ɓoye ƙullutu a mamanta wata da watanni saboda kunya, kuma ba za ta faɗa wa taron maza ba, don haka kowane kwamiti ya samu mace amintacciya, malamar Islamiyya ko ma'aikaciyar lafiya, wadda za a iya raɗa wa. Kuma a daina ɗaukar hoton miki ana yaɗawa a waya don neman taimako. Takardar likita da shaidar mai unguwa sun isa.

Idan Allah ya karɓi ran majinyaci, kada a rufe takardarsa a ranar. Sau da yawa yakan bar bashin magani da gona a hannun mai jingina, kuma Malikiyya sun halatta a biya wa mamaci bashinsa daga zakka idan bai bar abin biya ba. Saboda haka muna son kowane kwamiti ya zo taron kaka mai zuwa da jeri biyu: na waɗanda suke kan magani da ranar zagayensu na gaba, da na gonakin da aka jinginar saboda jinya da abin da ake bin kowace.