Taya da batir a hanyar Arlit

Imuraran tana cikin jihar Agadas, kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, kilomita 160 arewa da birnin Agadas. A shekarar 1966 aka gano iraniyom a ƙarƙashin ƙasarta. An fara aikin buɗe mahaƙar a 2009, daga baya aka dakatar da shi domin farashin iraniyom ya faɗi. A Arlit kuwa, kamfanin SOMAIR ya fara fitar da iraniyom tun 1971. An yi shekara da shekaru ana kai shi Faransa, ana samar da wutar lantarki da shi. Yau a can akwai motoci masu yawa da ke tafiya da wannan wuta, ba su shan fetur ko kaɗan.

Motar lantarki ba ta da tanki. Batir gare ta, babba, shimfiɗe a ƙarƙashinta, mai nauyin kilo 300 ko fiye. Irin wannan mota ba ta yawaita a Nijar ba tukuna. Amma duk wanda ya kawo ta Arlit, tambayar farko da za a yi masa ita ce: caji ɗaya zai kai ta Agadas? Tsakanin garuruwan biyu akwai wajen kilomita 240. Direban motar fetur yakan ɗaure jarka biyu a baya, hankalinsa ya kwanta. Wuta kuwa ba ta shiga jarka. In batir ya mutu a tsakiyar hanya, sai jiran mai ja.

Abubuwa da dama ke cin wutar batir: gudu, kaya, hawan tudu, na'urar sanyaya mota. Akwai kuma wani ɓarawo da ba a cika lura da shi ba, wato taya.

Yadda taya take cin wuta

Duk yaron da ya taɓa hawa keke mai saɓulalliyar taya ya san abin. Hanya ɗaya ce, keken ɗaya ne, amma sai ya yi ta nishi kamar yana hawan dutse. Mai tura kurar ruwa ma ya sani. Shi ya sa yakan biya wurin mai faci da safe, kafin ya ɗora jarkokinsa.

Dalilin yana wurin da taya ta taɓa ƙasa. A ido taya kewayayya ce, amma in an durƙusa an duba, za a ga ƙasanta ya ɗan baje saboda nauyin mota. Da ta juya, wurin da ya baje sai ya miƙe, wani wuri kuma ya baje. Haka robar take lanƙwashewa tana miƙewa, ɗaruruwan sau a cikin minti ɗaya. Roba kuwa ba ta mayar da dukan ƙarfin da aka matse ta da shi. Ƙwallon roba da aka saka daga sama yakan yi tsalle, amma ba ya komawa inda aka sake shi. Ƙarfin da ya ɓace ya zama zafi. In aka taɓa tayar motar da ta iso daga Tawa, ko da dare ne, za a ji ta da ɗumi. Wannan ɗumi daga tanki ya fito, ko daga batir.

Injin fetur maɓarnaci ne. Kashi biyu cikin uku na ƙarfin man, ko fiye, yana tafiya ne a zafi da hayaƙi, saboda haka rabon taya ba ya fitowa fili. Injin lantarki ba ya ɓarna sosai. Har ma in direba ya taka birki, ko mota tana gangara, injin yakan mayar da wuta cikin batir. Amma abin da taya ta ci ba ya dawowa. Ga shi kuma batir ya ƙara wa motar nauyi, tayoyi suna ƙara bajewa.

Taya ba iri ɗaya ba ce

Baƙin da ke jikin taya daga wani gari ne mai kama da kunkunniya, wanda ake cuɗawa da roba domin ta yi ƙarfi. A 1992 kamfanin Michelin ya fito da tayar da aka sa wa silika a madadin wani kashi na wannan gari. Silika shi ne sinadarin da ke cikin yashi. Robar da aka haɗa da shi ba ta ɗaukar zafi da yawa, kuma tana kama hanya ko da an yi ruwa.

Tun 2012, a ƙasashen Tarayyar Turai, ana sayar da sabuwar taya da takardar da ke nuna ajinta. Daga 2021 ajin ya kama daga A zuwa E. A wurin gwaji, tayar ƙaramar mota mai ajin A tana bukatar jan da bai wuce nauyin kilo 6 da rabi ba ga kowane tan. Mai ajin E tana bukatar fiye da kilo 10 da rabi. Bambancin kilo 4 ke nan. Ga mota mai tan 2, kilo 8. Kilo 8 ba wani abu ba ne a hannun ƙato, amma a nan ana jan sa ne ba hutawa, tun daga tasha har masauki. A kilomita 100 yana cinye wuta wajen kilowat-awa 2.

Ga misali. Wata mota tana da batir mai kilowat-awa 60. Da zafin bazara, da kaya, da na'urar sanyi a kunne, a ce tana cin 22 a kowane kilomita 100 in tana kan taya mai ajin A. Za ta yi kilomita 272. In aka sa mata mai ajin E, cinta ya koma 24, za ta yi 250. Agadas tana kilomita 240. Ta farko za ta shiga gari da rarar kilomita 32. Ta biyu rararta 10 ce kawai, iskar gaba kaɗan ta isa ta cinye su.

Hanya ma tana da magana

Sai dai ba a zaɓar taya da lissafi kaɗai. An shimfiɗa hanyar iraniyom, wadda ta tashi daga Tawa ta bi ta Agadas zuwa Arlit, a ƙarshen shekarun 1970. Da tafiya ta yi tafiya, manyan motoci da zafin rana suka farfasa kwaltar a wurare da yawa. Tayar da aka ƙera domin santsin titunan Turai ba ta son bakin rami ko dutse mai kaifi. Direbobin Abzin sun fi son mai kaurin gefe da manyan haƙora. Irin wannan tana da nauyi, tana ƙugi a kan kwalta, tana cin wuta, amma ba ta saurin yagewa. A hanya irin wannan suna da gaskiya: rasa kilomita 20 ya fi sauƙi a kan kwana a daji da fasasshiyar taya. Mota mai yawo cikin gari, tsakanin Arlit da Akokan, ita ce ba ta da bukatar manyan haƙora.

A cikin rairayi kuma, al'amarin juyawa yake. Masu ratsa Tenere sukan rage iskar taya da gangan, domin ta baje ta hau kan yashi, yadda tafin raƙumi yake yi. Taya mai tauri nutsewa take yi. Laifin yana zuwa ne in an fito kan kwalta ba a mayar da iskar ba. Robar sai ta yi ta lanƙwashewa, wuta tana tafiya, zafi yana taruwa, har tayar ta fashe. Adadin iskar da mota take so yana rubuce a wata ƴar takarda, galibi a jikin ƙofar direba. Da safe ake awo, kafin a tashi, domin zafi yana sa ma'auni ya nuna fiye da gaskiya. Wanda ya auna da rana tsaka ya ga ta hau, kada ya rage.

Tayoyi da yawa da ake sayarwa a kasuwa na hannu ne. A gefen kowace akwai lambobi huɗu da ke faɗin lokacin da aka ƙera ta. In an ga 2319, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar roba tana bushewa ta tsattsage, ko da zanenta bai goge ba.

Wutar Arlit da Agadas tana fitowa ne daga tashar SONICHAR da ke kusa da Cirozerin, inda ake ƙona gawayin ƙasa tun 1981. Motar da aka yi wa caji a can, abin da tayarta ta ci gawayin Anu Araren ne.

Aiki

A sami keke. A cika tayoyinsa da iska, a sake shi daga kan ƴar gangara ba tare da an taka feda ba, a ja layi inda ya tsaya. A rage iskar, mahayi ɗaya ya sake gwadawa. A auna tsakanin layukan biyu da taki.

Mota mai batir na kilowat-awa 40 tana cin 20 a kilomita 100. Za ta iya zuwa Imuraran daga Arlit ta dawo da caji ɗaya? In cinta ya koma 24, kilomita nawa za su rage mata?