Yadda Ake Gyara Iyakokin Faifan Kwamfuta

A zamanin nan mutane da yawa sukan cire faifan ajiya na kwamfutar tafi-da-gidanka su sa wanda ya fi shi girma. Mutum yana da faifai mai gigabait 256, ya cika maƙil, sai ya sayi mai terabait 1, a kwafe masa dukan abin da ke cikin tsohon zuwa sabon. Da ya kunna kwamfuta kuma sai ya tarar har yanzu tana kukan rashin wuri. Nan da nan sai ya zaci an cuce shi a kasuwa. Sau da yawa kuwa ba haka ba ne. Filin yana nan, ba a dai shigar da shi cikin iyaka ba.

Faifai kamar gona yake. Kafin a yi ajiya a cikinsa sai an yanka shi sashe-sashe, kowane sashe da iyakarsa. Windows takan ba manyan sassan sunan harafi, kamar C da D. Akwai kuma ƙanana guda biyu da ba a cika ganinsu ba: ɗaya na tayar da kwamfuta, ɗaya na gyaranta idan ta samu matsala. To, idan an kwafe tsohon faifai yadda yake, har iyakokinsa ake kwafewa. Watau sashen C zai zauna da girmansa na da, sauran fili wajen gigabait 690 ya zama saura, ba mai amfani da shi.

Maganin wannan shi ne a faɗaɗa C. A cikin Windows akwai wani shiri mai suna Disk Management, wanda ke nuna sassan a jere daga hagu zuwa dama. Sai a danna kan C da maɓallin dama, a zaɓi Extend Volume, a faɗi yawan filin da ake so a ƙara. Amma akwai sharaɗi babba: lalle ne filin banzan ya kasance manne da C ta hannun dama. Manomi ba ya haɗa gonarsa da saurar da ke gaba idan akwai gonar wani a tsakani. Sau da yawa ɗan sashen nan na gyara shi ke zaune a tsakani, sai a ga umurnin ya ƙi dannuwa. A nan sai a nemi wani shiri irin su GParted, wanda ake samu kyauta, a tura ɗan sashen can ƙarshen faifai, sa'an nan hanya ta buɗe. Kada a yi garajen share shi, gama ranar da kwamfuta ta ƙi tashi shi za a nema.

Haɗa sassa biyu kuma, kamar C da D, ya fi haɗari. Disk Management ba ya zuba kayan wannan cikin wancan. Abin da ake yi shi ne a kwashe dukan kayan D zuwa wani faifai na waje, a share D ya koma fili, sa'an nan a faɗaɗa C ya cinye wurin. Wanda ya share kafin ya kwashe, to hotunan iyali da takardun aiki da lissafin ciniki sun tafi ke nan, da wuya a dawo da su duka.

Akwai abu biyu kuma da ya kamata a sani. Na farko, tsarin rubuta iyakoki iri biyu ne. Tsohon, mai suna MBR, ya fito a 1983. Manyan sassa 4 kaɗai yake ɗauka, kuma a yawancin faifai ba ya wuce terabait 2. Sabon, watau GPT, yana ɗaukar sassa 128 a Windows. Saboda haka wanda ya sayi faifai mai terabait 4 ya bar shi a kan MBR, rabin kuɗinsa ya kwanta. Na biyu, faifai mai terabait 1 yakan nuna gigabait 931 ne kawai. Wannan ba sata ba ce. Masu ƙera faifai da 1,000 suke ƙirga, Windows kuwa da 1,024.

Kafin a taɓa kowace iyaka sai a kiyaye abu uku. A ajiye kwafin muhimman abubuwa a wani wuri dabam. A cika batir, a kuma bar waya a jone, domin idan kwamfuta ta mutu ana tsakiyar tura sashe, kayan ciki na iya lalacewa. Idan kuma an kulle faifan da BitLocker, a rubuta lambar buɗewarsa mai alƙaluma 48 a takarda. Tsohon faifan ma kada a sayar ko a goge shi sai an yi kwanaki ana aiki da sabon lafiya.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu, in za su kai kwamfuta wurin mai gyara, su fara tambayarsa ko ya kwafe kayan tukuna. Mu kuma 'yan makaranta mu koyi duba jerin sassan da kyau kafin mu danna kome. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.