Yadda Ake Rarake Ƙwayar Faladiyam, a Kuma Gwada Ƙarfinta

Faladiyam ƙarfe ne mai tsada, mai wata halayya da Thomas Graham ya gano a Landan a 1866: yana shanye iskar haidirojin har kusan ninki 900 na girmansa. Shi ne kuma ke cikin matatar hayaƙin da ke jikin salansar mota, inda yake gaggauta haɗuwar sinadarai ba tare da ya ƙare ba. Sai dai wannan aiki a fatar ƙarfen yake gudana, abin da ke can tsakiya kuɗi ne kwance. Shi ya sa masana ke rarake ƙwayoyinsa, waɗanda faɗin wasunsu bai wuce nanomita 50 ba. Nanomita biliyan ɗaya ne ke yin mita, silin gashi ma ya kai dubu 80.

Abu mai wannan ƙanƙanta babu wuƙar da za ta shige shi, sai dabara. Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda Yugang Sun da Younan Xia suka bayyana a 2002 a Jami'ar Washington da ke Amurka. Su da zinare suka fara, daga baya aka yi da faladiyam.

Da farko azurfa ake samu a matsayin zubi. Ana ɗora etilin gilaikol, ruwan nan da ake haɗa maganin lagireto da shi, a wuta sai ya kai wajen digiri 150, a zuba gishirin azurfa da wani sinadari mai danƙo da ake kira PVP. Shi PVP yakan manne wa wasu fuskokin ƙwayar ya hana su girma, sai azurfar ta fito a siffar 'yan akwatuna masu kusurwa. A wanke su, a watsa cikin ruwa, a tafasa.

Daga nan sai a riƙa ɗiga ruwan gishirin faladiyam, ɗigo-ɗigo, ana juyawa. Azurfa ta fi faladiyam saurin sakin lantarkinta, saboda haka ita ce ke narkewa, shi kuma ya zauna a fatar akwatin. Duk ƙwayar zarra ɗaya ta faladiyam da ta zauna, biyu na azurfa ne suka fice. A na zinare uku ne. Narkewar takan soma daga wani ɗan huji a gefe guda, ta nan cikin ke tsiyayewa har ya zama kogo, bango na tashi a waje. Bangon gaurayen faladiyam ne da azurfa, kuma wannan ba aibi ba ne, domin gaurayen ya fi tsantsar faladiyam jure tsagewa idan haidirojin na shiga yana fita.

Gwanintar duka a sanin lokacin ɗage hannu take. Idan ɗigon ya gaza, cikin bai gama rarakewa ba. Idan ya zarce, musamman a na zinare, bangon ya huhhuje, ƙarshe ya wargaje. Kamar mai gyaran ƙwarya ne, in ya kankare ta da yawa ta yi kyau a ido, amma faɗuwa ɗaya ta ishe ta. Bayan an ɗage hannu, ana wanke farin dattin da narkakkiyar azurfar ta bari da ruwan gishiri ko amoniya, a tace da injin wulwulawa, sannan a duba a madubin lantarki. Wadda ta yi daidai za a ga gefenta baƙi, tsakiyarta fayau.

Saura gwajin karo. Akan fesa ƙwayoyin ƙarfe a kan abin da ake son lulluɓewa da gudun da kan kai mita 1,000 a daƙiƙa, to kogon zai tsira? Harba ƙwaya ɗaya mai wannan girma a gani da ido abu ne mawuyaci, don haka yawanci a kwamfuta ake yi, da manhaja irin LAMMPS ta cibiyar binciken Sandia. Ana jera ƙwayoyin zarra a siffar ƙwallo mai kogo maimakon akwati, a bar shi ya natsu a zafin ɗaki, a ba shi gudu ya nufi bango mai tauri. Kwamfutar na lissafa motsin kowace ƙwayar zarra a tsakanin lokacin da bai fi kashi ɗaya cikin biliyan sau miliyan na daƙiƙa ba. Sai a canza gudu da kaurin bango, a sake, a sake.

A ƙaramin gudu ƙwallon kan lotsa ya dawo. Gudu ya ƙaru, layukan ƙwayoyin zarra su zame wa juna, lotsawar ta zauna. Ya ƙara ƙaruwa kuma, kogon ya rufta, wurin karon ya yi zafi har ya narke. Duk wanda zai yi amfani da irin waɗannan ƙwayoyi, ya fara tambayar kaurin bangonsu kafin ya tambayi yawan haidirojin da suke ɗauka.